Tambaya da Amsa: Korona ta wuce, amma ina katin rigakafin yaran da aka haifa lokacin kulle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Yarona na haife shi a 2020 daidai lokacin kullen korona, ba a fita, ga tsoron asibiti, sai ya zama allurar ranar haihuwa kawai aka yi masa, daga baya kuma babansa yace shi bai yarda da wata allura ba tunda aka fara maganar ta korona. Yanzu ina jin labarin mashaƙo hankalina ya tashi. Lokaci ya wuce ne? Daga wata uwa a Dakata, Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Lokaci bai wuce ba, ki ɗauki katin da aka ba ki ranar haihuwa, ko ya yage, in ma ya ɓata, ki kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ke, su za su duba shekarunsa su san wacce ta dace da shi, kuma kyauta ce. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo ita ce wadda ake kira Penta, sau uku ake yi, sati 6 da sati 10 da sati 14, kinga kenan duk ukun sun wuce shi.

Kuma ba ke kaɗai bace. A ranar 11 ga Afrilu 2020 aka samu mutum na farko da korona a Kano, kafin sati ya zagayo Ganduje ya rufe gari, sannan ranar 27 ga wata Buhari ya ƙara sati biyu, ga azumi ya kama, daga baya ne aka sassauta Litinin da Alhamis a fita cefane daga ƙarfe 10 zuwa 4. To wace uwa ce za ta ɓata waɗannan awoyin a layin awo alhali gidanta ba ko gwangwanin shinkafa? A ganina nan ne gwamnatin jiha ta yi sake. Hankali duk ya koma sansanonin killace masu korona na Kwanar Dawaki da na filin wasa na Sani Abacha da lissafin mutum nawa suka kamu yau, rigakafin jarirai da aka saba yi kullum ya ja baya, kuma bayan an buɗe gari ba a bi gida gida da irin ƙarfin da ake bi lokacin foliyo ba a nemo yaran da aka tsallake. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yaran da ba su da cikakken rigakafi ne. Ba wai korona ce kaɗai sila ba, dama can Kano na baya a harkar rigakafi, kulle dai ya ƙara rura abin.

Shi kuma maigida kar ki yi masa gardama, tsoronsa yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana, cikin yara 200 da aka saka a gwajin 11 suka rasu, sai a 2009 aka yi sulhu da jihar Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon ne ya taimaka aka dakatar da rigakafin foliyo a 2003 zamanin Shekarau har zuwa 2004. Amma ki tuna masa cikin lalama cewa Trovan maganin gwaji ne da aka bai wa marasa lafiya, ita kuwa Penta ba sabuwa bace, ba ta da haɗi da ta korona, yayyen yaron nan ma inaga duk an yi musu. In ya ƙi ji daga bakinki a samu limamin unguwa ko wani babba da yake jin nauyinsa.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, in kika ga yaro da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, kika haska bakinsa da fitilar waya kika ga wani abu fari-fari mai ruwan toka ya lulluɓe can ciki, wallahi kar a ce beli ne a kai shi wajen wanzami, kar kuma a tsaya kemis, asibiti kai tsaye a ranar.

TAMBAYA: Malam ni malamin firamare ne a Zariya. Har gobe ina mamakin yadda aka buɗe kasuwanni aka bar makarantu a rufe wata da watanni. Wai da gaske kare yara aka yi?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, ai ku kuka ga abin da idonku. Gwamnonin Arewa maso Yamma sun rufe makarantu daga 23 ga Maris 2020 da cewa kwana 30 ne, kwana 30 ɗin nan sai da ta kai wata shida da ɗoriya a yawancin jihohi, ƴan ajin ƙarshe ne kawai aka mayar a Agusta saboda WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran sai wajen Oktoba. Rufewar farko ban ga laifin kowa ba, lokacin ba wanda ya san kan cutar, El-Rufai kansa ya kamu, Bala Mohammed na Bauchi ya kamu, Abba Kyari shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa ya rasu. Inda nake da ja shine daɗewar da kuma abin da aka bayar a madadi. An ce darasi ta rediyo da talabijin, to yaron da ke aji biyu bai iya haɗa baƙi ba, ba littafi a gabansa, ba wuta, rediyon ma na babansa ne yana jin labarai, me zai tsinta? Ƴaƴan masu hali suna karatu ta waya da lesin tica a gida, ɗan talaka yana gareji ko talla, wasu ƴan matan kuma daga wannan hutun sai ɗakin miji. Sai ga kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu ana tsakiyar annoba, wasu aka gwada su a can aka samu suna ɗauke da cutar, gwamnoni suka koma nuna wa juna yatsa, kuma alƙawarin saka su a boko da aka yi ta yi yawanci a bakin makirfo ya tsaya. Da aka dawo sai aka matse zangon karatu aka tura yara aji na gaba, shi yasa kake samun ɗan aji shida da karatun aji uku.

TAMBAYA: Wai allurar korona ba harkar cin kuɗi bace kawai? Ni dai sai da zan tafi Hajji aka tilasta min. Daga Alhaji a Gusau.

AMSA: Alhaji Allah ya karɓi ibada. Allurar gaske ce, kashin farko kusan miliyan 4 na AstraZeneca ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX na raba wa ƙasashe allurar korona aka rarraba wa jihohi, kuma ta fi amfani ga dattawa da masu ciwon suga da hawan jini, irin waɗanda aka yi ta binnewa a Kano a Afrilun 2020. Abin da ya kashe mata kasuwa bakin shugabanni ne da bai zo ɗaya ba, Kaduna da Edo suna cewa ma'aikaci ba kati ba shiga ofis, Yahaya Bello a Kogi yana cewa shi ba zai yi ba, ga rumbunan tallafin korona da jama'a suka fasa a Jos da Kaduna a Oktoban 2020 suka tarar da abinci jibge, bayan wannan kuma ka ce mutum ya miƙo hannu? A Disamban 2021 sai da aka lalata allurai sama da miliyan ɗaya da suka lalace, don dama an turo su daga waje dab da ƙarewar wa'adinsu. Irinku maniyyatan 2022 da Saudiyya ta ce sai da kati, ku kam ba a sha wahalar lallashinku ba.