Ku Tambayi Mai Wutar Mota: Zan cire rediyon kaset in sa na zamani

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Na gaji Toyota Corolla ta 1994 daga mahaifina, da ita nake jigilar fasinja tsakanin Maradi da Tasawa. Rediyonta na asali yana cinye kaset, fasinja kuma kullum sai sun miƙo mini waya ko katin memori. Ina so in sa mai Bluetooth da USB. Yaya zan yi kada in ɓata motar? Daga mai karatu a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Kafin ka je kasuwa, auna ramin rediyon. Faɗinsa santimita 18 ne. In tsayinsa 5 ne, rediyo mai girman da ake kira 1-DIN za ka nema, in 10 ne, 2-DIN. Ka sa mai shago ya kunna shi a gabanka, ka ga FM ɗinsa ya tashi daga 87.5 ya kai 108. Waɗanda aka yi wa kasuwar Japan da yawansu a 90 suke tsayawa, sai ka nemi wasu tashoshin ka rasa.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne wayoyi. Don Allah kada ka bari a sa almakashi a wayoyin motar. Akwai ɗan soket na haɗi, gefe ɗaya ya shiga na Toyota, ɗayan ya shiga sabon rediyo. A cire kan batir na baƙar waya tukuna. A wayoyin sabon rediyon, ruwan ɗorawa tana ɗaukar wuta kullum daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja sai an murɗa makulli take samun wuta. Baƙa ta tafi jikin ƙarfen mota.

Bara wani direba ya kawo mini motarsa da turi, ƴaƴansa biyu suna zufa a baya. Batir biyu ya saya cikin wata uku. Da na zaro rediyon, sai ga ja da ruwan ɗorawa an murɗe su wuri ɗaya, an naɗe da ledar ruwa, ko salatif babu, fiyus kuma an cire an sa zaren waya. Rediyon bai taɓa mutuwa ba, dare da rana yana shan batir. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan haɗin ne ke tayar da gobara a mota cike da mutane.

Kowace lasifika a ja mata wayoyinta biyu har bayan rediyo. In aka jona ɗaya da jikin mota, sabon rediyo yana iya ƙonewa. Ka nemi lasifika mai ohm 4, wato ma'aunin da ake rubutawa a jikinta.

Ni dai ba zan ba ka shawarar mai babban allo ko mai CD ba. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu a hanyar Tasawa ba sa barin su su daɗe. Mai maɓalli ya ishe ka. Tsohon kuma ka goge shi ka adana a gida, na mahaifinka ne.