Ga 'yar'uwar da ɗanta ya ce babu Allah

'Yar'uwa, tun jiya da dare da na karanta tambayarki ban runtsa ba. Kin ce ɗanki ya daina zuwa sujada, ya faɗa miki baki da baki cewa bai yarda akwai Allah ba, kuma duk ayar da kika jawo masa sai ya ƙarasa miki ita, ya ɗora wasu da ba ki taɓa ji ba. Kina tambaya yaya wanda ya ƙi Allah zai fi ki sanin maganar Allah, kuma me za ki ce masa. Ni kuwa ƙanena ne ya bar bangaskiya, wanda na goya a bayana. Bana shekara bakwai ke nan.

Ya fi ki sani ne domin ya fi ki karantawa, ba wani asiri a ciki. Mu da yawa muna zagaye ne tsakanin Zabura 23 da Yahaya 3:16 da 'yan ayoyin da muka haddace tun makarantar Lahadi. Ƙanena ya sauke Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi sau uku, har da Littafin Firistoci da Littafin Ƙidaya da muke tsallakewa. Sauka ta ukun ma da kuka ya yi ta, yana neman abin da zai riƙe shi. Shi ya taɓa nuna mini wani bincike da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2010, inda aka yi wa mutane tambayoyi 32 kan addinai. Masu cewa babu Allah da masu cewa ba a iya sani su suka zo kan gaba, suna cin kusan 21, Furotesta suna cin 16, Katolika ƙasa da 15. A tambayoyin da suka shafi Littafi Mai Tsarki da Kiristanci kaɗai, 'yan ɗarikar Momon da 'yan Ebanjelika (wani reshe na Furotesta) fararen fata sun ɗan wuce su, amma duk da haka sun ɗara yawancin Kirista. Ranar na ji kunya ƙwarai, don na san da ni aka tambaya ban kai rabinsa ba.

Na san irin ayoyin da ɗanki yake kawo miki, don duk na sha su. Zai ce Matiyu 27:5 ta ce Yahuza rataye kansa ya yi, Ayyukan Manzanni 1:18 kuma ta ce faɗuwa ya yi cikinsa ya fashe. Zai ce a 2 Sama'ila 24:1 Ubangiji ne ya zuga Dawuda ya ƙidaya jama'a, a 1 Tarihi 21:1 kuma Shaiɗan ne. Zai gaya miki ƙarshen Markus, sura 16 daga aya 9 zuwa 20, babu shi a tsofaffin kofe biyu na ƙarni na 4, Sinaitikus da Batikanus. Kada ki ce masa ƙarya yake, don Allah. Gaskiya ce, kuma a fassarori da yawa an rubuta hakan a ƙasan shafi, mu ne ba ma duba ƙananan rubutun. Malaman ikkilisiya sun san waɗannan tun da daɗewa, suna da bayanansu, wasu sun gamsar da ni, wasu har yau ina tauna su. Wadda ta fi yi mini nauyi ita ce 1 Sama'ila 15:3, inda aka umarci Saul ya hallaka Amalekawa har da jarirai masu shan mama. Ranar da ƙanena ya karanta mini ita a hankali, ya ɗago ya dube ni, ban sami bakin magana ba.

Amma ki ji ni da kyau, ba waɗannan ne suka fitar da shi ba. 'Yarsa ce ta rasu, tana da shekara huɗu, bayan wata biyar tana jinya. Ba azumin da ba mu yi ba. Shi kansa ya rame har wuyansa ya fito, kullum yana durƙushe gefen gadonta yana maimaita alkawarin nan na ku roƙa za a ba ku. Kwana uku da binne ta, wani fasto da muke girmamawa tun muna yara ya zo gaisuwa, ɗaki cike da mutane, uwar yarinyar tana zaune a ƙasa ko ruwa ba ta iya haɗiya. Mutumin nan ya gyara murya ya ce Allah ba ya ƙin amsa addu'ar adali, sai dai maigidan ya binciki kansa, akwai ɓoyayyen zunubi a gidan nan. Haka ya faɗa, da kunnena na ji. Ƙanena ya ɗago, muryarsa na rawa, ya ce, Baba, ai a Yahaya sura 9 da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Ya ƙara da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa a Luka 13. Kin san abin da faston ya yi? Ya ce ga shi nan, girman kai ne, yaro yana koya wa babba Littafi a gidan makoki. Ya buɗe Zabura 14:1 ya karanta masa cewa wawa ne yake cewa a zuciyarsa babu Allah. Alhali a ranar ƙanena bai ce babu Allah ba! Ayar Yesu ya kawo, yana neman wanda zai ce masa ba kai ka kashe 'yarka ba.

Ni kuwa ina zaune kusa da shi na yi shiru. Na sunkuyar da kai don kada a ce na yi wa bawan Allah rashin kunya. Har taɓa gwiwarsa na yi, wai ya bari. Shekara bakwai hannun nan nawa yana damuna. Faston bai taɓa dawowa ya ba da haƙuri ba, mun haɗu sau da yawa, yakan tambaye ni ko ɓataccen nan ya tuba. Na yafe masa da baki sau ba adadi, zuciyata dai ba ta gama ba, ina roƙon Ubangiji a kan wannan ma.

Shi ya sa nake ce miki ki daina neman ayar da za ki kayar da ɗanki. Ba za ki kayar da shi ba, kuma ko kin yi, ba zai dawo don an kunyata shi ba. Ki tambaye shi yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, sannan ki kame bakinki ki saurara har ya gama, ko da abin da zai faɗa ya shafe ki. Wataƙila nasa ba mutuwa ba ce. Wasu tambayar wahala ce take cin su, yaya Allah mai iko duka kuma mai ƙauna zai bar jariri ya sha azaba. Akwai wani masani a Amurka, Bart Ehrman, da ya yi karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Moody da ta tauhidi a Princeton, ya shafe shekaru yana nazarin bambancin tsofaffin kofe yana nan Kirista, shi da kansa ya ce matsalar wahala ce ta raba shi da bangaskiya. Wasu kuma maganar wutar har abada ce, wasu kimiyya, wasu munafuncin da suka gani a wurin manya. Wasu kuma sun duba ne kawai ba su ga hujjar da ta ishe su ba, ba wanda ya cuce su. Kada ki yanke masa dalili kafin ya faɗa, kuma kada ki ce masa zunubi yake so ya yi shi ya sa. Na faɗa wa ƙanena haka sau ɗaya, wata takwas bai ɗaga wayata ba.

Kada kuma ki tara masa dattawa ba da saninsa ba. Kada ki sa sunansa a roƙon addu'a a gaban jama'a. In ya tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ban sani ba, bari in duba, kuma ki duba ɗin da gaske. Ki karanta Ayuba dukansa, musamman sura 42 inda Allah ya husata da abokan Ayuba uku da suke ganin Allah suke karewa. Ki karanta Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu, da Habakuk da ya fara da tambayar har yaushe zai yi ta kuka ba a ji ba. Wasiƙar Yahuza aya 22 cewa ta yi mu ji tausayin masu shakka. Ni sai bayan ƙanena ya fita na san akwai ta.

Ke ma ki kula da kanki, 'yar'uwa, don mutane za su fara kallonki kamar ke kika kasa tarbiyya. Mahaifiyarmu ta rasu da wannan baƙin cikin, kuma ƙanena ne ya yi jinyarta, shi yake juya ta, shi yake karanta mata Zabura da dare don idonta ya daina gani. Yakan karanta ba tare da ya ce amin ba, ita ce take faɗa.

Bai dawo ba har yanzu, ba zan yi miki ƙarya ba. Yana zuwa gidana, 'ya'yana suna hawa jikinsa, in za mu yi addu'a yakan yi shiru har mu gama. Bara ne na iya buɗe baki na roƙe shi gafarar taɓa gwiwarsa da na yi ranar nan. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, Yaya, na ɗauka kin manta.