Filin Darar Ces: Me Ya Sa Ba Na Ganin Takun da Ke Ƙure Sarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, shekarata guda da fara wasan ces. Kullum da dare nakan buɗe manhaja a waya in warware kacici-kacicin nan na "Fari ya ƙure sarki a taku biyu". Masu sauƙin ina cinye su, amma da zarar an kawo wanda aka ɗauko daga wasan gwanayen da, sai in yi ta ture-ture har wayar ta nuna mini amsa. In na gani kuma sai in ce ashe abin a fili yake. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kai da kanka ka faɗi ciwon a wasiƙarka, wato ture-turen nan. Hannunka na riga idonka. Waya tana yafe maka kuskure, ka danna ka sake, shi ya sa ba ka taɓa zama ka dubi sarkin abokin karawarka da kyau ba.

Ajiye wayar, ɗauko allo na gaske. Saboda sababbin masu karatu, a wannan fili mai tafiya a karkace muna ce masa giwa kamar yadda Larabawa ke kiransa, na kusurwa mai tafiya a miƙe hasumiya, ƙananan na gaba dakaru, barazana ga sarki kuwa kashedi. Sunan kowane gida harafi ne da lamba: a zuwa h daga hagun Fari zuwa damansa, 1 zuwa 8 daga gefen Fari zuwa gefen Baƙi. Jera haka. Fari: sarki a c1, sarauniya b3, hasumiya d1, giwa g5, dakaru a a2, b2, c2, e4, f2, g2 da h2. Baƙi: sarki a e8, sarauniya e6, hasumiya h8, giwa f8, doki d7, dakaru a a7, e5, f7, g7 da h7. Fari ne da taku.

Wannan daga wasan Paul Morphy ne, ɗan Amurka, a gidan kallon waƙe-waƙe na opera a Paris cikin 1858, yana da shekara 21. Masu sarauta biyu ne suka haɗa kai suna shawara a kansa, Karl na Brunswick da Isouard. Ni a makarantar kwana na fara ganin wannan jeri. Wani malaminmu na lissafi ne ya jera mini shi a wani tsohon allo da hasumiyarsa ɗaya ta ɓata, muna sa murfin kwalba a madadinta. Ya hana ni taɓa komai sai na faɗi amsa da baki. Kwana uku na yi ina dawowa bayan la'asar, kuma duk lokacin idona na kan sarauniyoyin nan biyu da ke kallon juna daga b3 zuwa e6. Zuciyata na cewa a yi musanya kawai. In ka yi musanyar, Baƙi ya fi ka da doki guda, wasan ya kuɓuce maka.

A rana ta uku malamin ya ce in daina kallon 'ya'yana, in ƙirga gidajen da sarkin Baƙi zai iya takawa. Kai ma ƙirga. f8 giwarsa ce a zaune, f7 dakarensa, d7 dokinsa. e7 da d8 kuwa duk suna kan hanyar giwar Fari da ke g5. Ashe sarkin nan ba shi da ko gida ɗaya. Abin da ya rage shi ne kashedi guda wanda ba za a iya tarewa ba. Hasumiyar d1 tana son d8, giwa za ta kare ta a can, doki ne kaɗai ya tsaya mata a hanya. To, yaya za a tilasta wa dokin ya kauce? Sarauniya ta tafi b8 da kashedi. Baƙi ba shi da wata mafita sai doki ya cinye ta. Hasumiya ta sauka d8, dara ta ci gida a taku na 17. Morphy ya gama wasan da giwa ɗaya da hasumiya ɗaya, su kaɗai suka rage masa ban da dakaru.

Dalilin da ya sa na sha wuya shi ne, ƙwaƙwalwata ta soke wannan taku tun kafin in duba shi. Mai koyo ba ya yarda ya kai sarauniya inda za a ci ta, ko a tunani. Saboda haka ka ɗora wa kanka doka: bayan ƙirga gidajen sarki, ka lissafo kowane kashedi da ke kan allo, har da wanda kake ganin wauta ce, ka bi shi zuwa ƙarshe kafin ka yar da shi.

Yanzu dubi abin da ya sa nake son wasannin da fiye da kacici-kacicin da kwamfuta ke zubowa. Shekara 52 bayan Morphy, a Biyena cikin 1910, Richard Réti ya kara da Savielly Tartakower, wanda daga baya ya shiga rukunin farko na waɗanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ba lambar babban gwani a 1950. A taku na takwas Tartakower ya ci doki a e4, yana ganin ya samu banza. Réti ya jefa sarauniyarsa d8, sarki ya cinye ta dole. Sai giwar da ke d2 ta tashi zuwa g5, ta yi kashedi, ta kuma buɗe wa hasumiyar d1 hanya. Kashedi biyu a lokaci guda. Sarauniyar Baƙi da dokinsa duk suna iya cin giwar, amma ba dama, domin in kashedi ya zo biyu sarki ne kawai ke motsawa. Ya gudu c7, giwa ta bi shi d8 ta ƙure shi a taku na 11. Da ya koma e8 ne, hasumiya ce za ta sauka d8, daidai irin na Morphy. Giwa a g5, hasumiya a d1, sarki bai bar tsakiya ba. Wanda ya zauna da wasan 1858 har ya shige shi, in ya ga na 1910 zai gane fuskar nan take. Ka rage yawa. Kacici-kacici biyu a dare, a kan allo, hannu a aljihu, sun fi hamsin a waya.

Tambaya: Malam, ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Maraɗi, mun kafa ƙungiyar ces. Yaran sun fara raina na taku biyu. Wane zan ba su wanda zai riƙe su?

Amsa: Malama, Allah Ya saka da alheri da wannan aiki. Ba su wasan Edward Lasker da George Thomas, Landan, 1912. A kula, wannan ba Emanuel Lasker zakaran duniya ba ne. Fari: sarki e1, sarauniya h5, hasumiyoyi a1 da h1, giwa d3, dawakai e4 da e5, dakaru a2, b2, c2, d4, f2, g2, h2. Baƙi: sarki g8, sarauniya e7, hasumiyoyi a8 da f8, giwaye b7 da f6, doki b8, dakaru a7, b6, c7, d7, e6, g7, h7.

Taku takwas ne, kowanne kashedi. Sarauniya ta ci dakaren h7, sarki ya cinye ta, dokin e4 ya ci giwar f6 da kashedi biyu. Daga nan ake koro sarkin Baƙi kamar akuyar da ta shiga gonar mutane: h6, g5, f4, f3, g2, har g1, layin gidan Fari. Lasker ya gama da matsar da sarkinsa zuwa d2, hasumiyar a1 ta yi aikin. Kada ki ba su duka a zama ɗaya. Raba yaran gida biyu, wasu su nemo kashedi, wasu su nemo wa sarki mafaka, a rubuta a takarda kafin a taɓa allo. Sannan ki tambaye su: bayan kashedin nan biyu, in sarkin ya ƙi fitowa h6 ya koma h8, wane taku ɗaya ne zai gama da shi? Ki aiko mini da amsoshinsu, zan duba su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.