Ƙwaron wake ba ya shan ruwa, amma ƙishirwa ke kashe shi

Wai "Maigida, wake ya bushe ƙayau, ina ƙwaro ke samun ruwan sha a buhu?" Sai yau ka ga damar tambaya, bayan shekara guda kana jan buhuna a ƙasa, ido na kan waya.

Ba ya sha. Tsutsar da ke cikin ƙwayar wake ita ke haɗa ruwanta: ta ci wake, ta shaƙi iska, jikinta ya ƙona abincin, ruwa ya fito. Kuma ta fi ka tattali. Fatarta na da maiƙo kamar kakin zuma, mai hana ruwa tsirarewa. Wasu siraran jijiyoyi na tace gishiri da datti daga jininta zuwa hanji, ƙarshen hanjin ya tsotse ruwan da gishirin ya mayar jiki. Kashinta ke nan a bushe, garin da kake karkaɗewa a gindin buhu. Tokar da iyayenmu ke cuɗawa da wake, maiƙon nan take ƙarzewa.

Buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, mai leda biyu a ciki, iska yake toshewa. Iska ta ƙare, ci ya tsaya, ruwa ya yanke, ƙwaro ya bushe. Ɗaurin baki kuwa, ko yaron goye ya iya.

Wata kaka na zuba irin wannan buhun guda 40 a sitonmu na Dawanau, ina jiran damina wake ya yi tsada. Wani dillali ya zo, wai yana da mai saye daga Legas. Na tafi Azahar na bar shi da yarona, irinka. Ashe dillalin ƙarfen soka buhu ya zaro ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, wai duba samfur, yana murje ramin da yatsa. Na dawo, ya ce farashi bai yi ba, ya kama gabansa.

Wata huɗu na buɗe sito, zafi ya buge ni a fuska. Na sa hannu a buhu, sai gari da ƙwari, kowace ƙwaya da taga. Ka san wa ya fara zuwa jaje? Shi! Ya kwashe a rabin kuɗi, wai rufa mini asiri yake yi. Har gobe yana miƙo mini hannu a masallaci, ni kuwa sai dai in ba shi yatsu biyu.

Ajiye wayar nan ka duba buhunan bayan ƙofa, jiya na ji motsin ɓera.