Da gaske karatu a waya da dare yana hana barci?

Tambaya: Malam, na sha ganin kanun labarai cewa bincike ya tabbatar karatu a waya ko kwamfutar hannu kafin kwanciya yana lalata barci. Gaskiya ne, ko 'yan jarida ne ke ƙara gishiri?

Amsa: Akwai ƙamshin gaskiya, amma gishirin ya yi yawa. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a asibitin Brigham and Women's da ke Boston a Amurka, ya fito a ƙarshen 2014. Mutum 12 kacal aka gwada. Kowannensu ya yi karatu a iPad na awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, an ƙure hasken na'urar, ɗakin kuma da ɗan duhu. Sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki dare ya yi, ya ragu da fiye da rabi, agogon jikinsu ya ja baya da kusan awa ɗaya da rabi. Amma jinkirin da aka samu kafin barci ya ɗauke su bai wuce kusan minti goma ba, idan aka kwatanta da karanta littafin takarda. Wannan minti goman da wuya ka gan shi a kanun labari. Wasu jaridun ma har da na'urar karanta littattafai ta Kindle marar haske suka shafa wa laifin, alhali ba a karanta komai a kanta ba a gwajin.

A 2016 masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin sun sa mutum 14 sun wuni cikin haske mai ƙarfi, sannan suka yi karatun awa biyu a kwamfutar hannu da dare. Barcinsu bai canza ba. Wannan bai yi tashe ba, domin "babu bambanci" ba ya jan masu karatu.

Sai kuma binciken jin ta bakin jama'a, kamar na Norwe a 2025 kan ɗalibai fiye da 45,000, inda kowace awa guda ta taɓa waya a gado ta zo da raguwar barci na minti 24. Irin wannan ba ya nuna wanne ya haifar da wanne. Mai fama da rashin barci ma wayar yake jawowa.

Don haka idan ka ga labarin, nemi yawan mutanen da aka gwada, wace na'ura, awa nawa, da minti nawa barcin ya ragu. A aikace kuwa, ka rage hasken allon, ka kashe sanarwar saƙonni, ka tsayar da lokacin rufe waya. Sau da yawa ba hasken ne ke cinye daren ba, "bari in ƙara shafi ɗaya" ne.