Zan Koma Kyamarar Ful-Firem, Shin Lensocina Za Su Yi Aiki a Kanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina aiki da Canon 80D da lensi uku: 18-135 da ya zo da ita, da 55-250, da 50mm f/1.8. Hoton taro da na mutane nake ɗauka, kuma duk inda haske ya yi ƙaranci sai hotunan su fito da yashi-yashi. Na yi shekara biyu ina tari, yanzu kuɗin sun kai in sayi kyamarar ful-firem, wato mai babbar sensa, 6D Mark II ko R6 ta hannu, amma babu abin da zai rage mini. Mai sayarwar ya ce kada in damu, duk lensin Canon yana hawa kan kyamarar Canon. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron in zuba gumina in dawo da abin da ba zan iya aiki da shi ba. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, mai sayarwar kuwa bai gaya maka ba.

Ɗauko lensocin nan uku ka duba gindinsu, wurin alamar da kake daidaitawa da ta jikin kyamara in za ka ɗaura. A 50mm za ka ga jan ɗigo. A 18-135 da 55-250 za ka ga farin murabba'i ɗan ƙarami, kuma an rubuta EF-S a jikinsu. Bakin 80D ɗinka yana da alamomin biyu, ja da fara. Bakin 6D Mark II jan ɗigo kaɗai ke gare shi. Ke nan a cikin lensocinka uku, ɗaya tak ne lensin ful-firem. Sauran biyun ko ɗauruwa ba za su yi a 6D ba, kuma da gangan Canon ta hana su tun da ta fito da EF-S a 2003.

Wannan magana ta "ai yana hawa" ita ce ta fi ɓata mini rai a wannan sana'a, don kusan kullum sai na ji ta, kuma ta cinye tarin mutane da yawa. Lensi da'irar haske yake jefawa cikin kyamara, a kan sensa, wato filin da ke karɓar hasken ya mayar da shi hoto. Wanda aka ƙera don ƙaramar sensa, da'irarsa daidai take da sensar 80D, wajen milimita 22 a tsawo da 15 a faɗi. Sensar ful-firem kuwa 36 ce da 24, girman filin tsohon fim na 35mm, kuma ta ninka taka fiye da sau biyu da rabi. Ƙaramar da'ira ba za ta rufe babban fili ba, ko wa ya rantse maka.

To ga inda abin ya fi muni. Tun da kyamarori masu ƙaramar sensa madubin da ke cikinsu a bayan lensi ƙarami ne, wasu lensocin EF-S gindinsu yana kutsawa ciki fiye da na EF, wato lensocin ful-firem masu jan ɗigo. Madubin ful-firem babba ne, kuma duk danna maɓalli sai ya yi tsalle sama da ƙarfi. Shi ya sa aka sa wani zobe a bayan lensin da zai hana shi shiga. Sai ga wasu masu gyaran ganin-ido, da wasu masu bidiyo a intanet, suna koya wa mutane yadda za su ɓanɓare zoben nan. Na taɓa karɓar wata kyamara a hannun wani matashi da aka yi wa wannan aika-aikar. Lensi mai faɗin gani aka cire wa zoben, aka ce masa ya yi ta aiki. Ya mayar da zum can ƙarshen faɗi, ya danna, sai ya ji ƙas. Da na cire lensin na haska ciki, gefen madubin ya ɓalle, ɓurɓushinsa ya zube a ƙasan akwatin, bayan gilashin lensin kuma ga zane. Wanda ya yi masa aikin cewa ya yi kyamarar ce dama mai matsala. Yaron nan wata biyu bai yi da sayenta ba. Don Allah duk wanda ya ɗauko sukudireba ya ce zai sa lensinka ya hau, karɓe kayanka ka tashi.

Za a ce maka to ka ɗauki R6 mana, ba ta da madubi, da adafta komai yana hawa. Haka ne, yana hawa, fokas ma yana aiki lafiya lau. Abin da ba za a gaya maka ba shi ne, da zarar ta ji lensin EF-S sai ta yanke sensarta da kanta, ta yi amfani da tsakiyar kawai. R6 megafiksil 20 gare ta, in ta yanke sai ta koma ƙasa da 8. Ita 80D da kake shirin rabuwa da ita 24 take ba ka. Kuma tun da filin da ke karɓar haske ya koma daidai da na tsohuwar kyamararka, ribar da ka biya kuɗi dominta, wato tsaftar hoto a duhu, yawancinta ta tafi. Ka sayi babban gida ka kulle ɗakunan, kana kwana a zaure.

Masu Nikon da Sony ma kada su ce ba da su ake ba. A Nikon lensin DX na ƙaramar sensa yana ɗauruwa a kyamarar FX ta ful-firem, a Sony lensin E na ƙaramar sensa yana ɗauruwa a a7 ta ful-firem, amma kyamara mai megafiksil 24 sai ta dawo wajen 10. Na Sigma masu alamar DC da na Tamron masu Di II sun fi yaudara, don su suna hawa 6D da 5D ba gardama, sai ka duba hoton ka ga kusurwoyinsa baƙi ƙirin kamar ka leƙa ta cikin bututu. Na ful-firem su ne DG a Sigma, Di kawai a Tamron, FE a Sony. Haruffa biyu ne ko uku a jikin lensi, karanta su bai kai minti ɗaya ba, amma mai son ya sayar ba zai nuna maka su ba.

Yanzu mu koma kan ciwon da ya kawo ka, yashi-yashin nan. Ful-firem tana taimakawa, ban musa ba. Idan kyamarorin zamaninsu ɗaya, ribar ta ɗan haura mataki ɗaya na haske, wato ninki biyu: yashin da kake gani a ISO 3200 (lambar da kake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci) sai a wajen 6400 ko sama kaɗan za ka gan shi. Amma duba lensin da kake aiki da shi. Shi 18-135 in ka ja zum yana tsukewa zuwa f/5.6, kuma duk yadda lambar f ta ƙaru, hasken da ke shiga raguwa yake. Lensi mai f/2.8 haskensa ya ninka wannan sau huɗu, mataki biyu cur, a kan wannan 80D ɗin da ke hannunka. Kafin ka zargi sensa, ɗaura 50mm ɗinka a f/2 a irin wurin da kake kuka da shi, ka kwatanta.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Zan fara buɗe hotunan da na ɗauka a wata shida da suka wuce, in duba bayanan kowane hoto in ga a wane tsawo na fi ɗauka, sai in ninka lambar da 1.6, saboda bambancin girman sensar biyu. Wannan ne tsawon da zan nema a ful-firem. Zum ɗinka na 18-135 yana ba ka ganin 29 zuwa 216. Shi 50mm da kake ɗaukar fuska da shi, a matsayin 80mm yake maka aiki, kuma ranar da ka ɗaura shi a ful-firem za ka ga ya buɗe, sai ka matsa kusa, hanci ya fara girma a hoto. Mai maye gurbinsa shi ne 85mm f/1.8, mara nauyi, mai saurin fokas. Don aikin taro, 24-105 f/4 ya isa yawancin mutane. 24-70 f/2.8 ya fi shi a duhu, ya fi shi tsada, kuma babu mai hana rawar hannu a na EF ɗin. Na nesa shi ne inda za ka ji a jikinka: 55-250 bai kai rabin kilo ba, yana kai ka ganin 400mm, amma lensin EF 100-400 L II na Canon da zai ba ka wannan a ful-firem ya haura kilo ɗaya da rabi. In ba tsuntsaye ko wasanni kake ɗauka ba, 70-200 f/4 ya wadatar.

Kuma lensocin EF zan saya, masu jan ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, kafin in taɓa jikin kyamara. Suna aiki a 80D yau, za su yi a 6D gobe, za su yi a R6 da adafta, wadda ba gilashi a cikinta, tazarar milimita 24 kawai take cikewa tsakanin 44 na EF da 20 na RF, wato bakin lensin kyamarori marasa madubi irin R6. Lensin RF kuwa ba ya komawa baya, ba zai hau 80D ba har abada. Ka dai riƙe 18-135 har zuwa ranar sauyi, don 24-105 a ƙaramar sensa daga wajen 38 yake farawa, ba zai ɗauke maka jama'a a ƙaramin ɗaki ba.

In lokacin ya zo, tsakanin biyun da ka ambata R6 zan nuna maka. Ramin kati biyu gare ta, 6D Mark II ɗaya, kuma mai ɗaukar taron da ba a maimaitawa bai kamata ya dogara da kati ɗaya ba. Ɗigogin fokas 45 na 6D Mark II ma sun taru a tsakiya fiye da yadda ka saba a 80D. Sannan ka sani, in ka cika firem da mutum iri ɗaya a lambar f iri ɗaya, wurin da ke fitowa fes a ful-firem ya fi siranta. Hoton layi biyu na mutane da kake ɗauka a f/4, sai ka tsuke zuwa f/6.3 ko f/7.1, in ba haka ba na baya su dushe.

Ita kuma 80D kada ka sayar da ita don cike kuɗi. Ranar da sabuwar ta tsaya maka ana tsakiyar aiki, ita za ka zaro daga jaka. In ka koma wurin mai sayarwar nan, tafi da 18-135 a hannunka, ka ce ya ɗaura maka shi a 6D ɗin a gabanka.