Amsa ga ɗan ƙanwata: wa al'ada ta yarda a zolaya?

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan mahaifiyarka da mutanen Garwa duk suna lafiya. Ka ce ranku ya ɓaci da aka daina sa wasan nan na ƙauye a talabijin tun bai kai ko'ina ba, har kai da abokanka kun yi niyyar shirya naku da waya. Kuma ka tambaya: wa al'ada ta yarda a yi wa barkwanci, wa ta hana? Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin a nan ne yawancin masu wannan sana'a suke tuntuɓe.

A wurinmu zolaya tana da masu ita. Ana zolayar wanda yake da ikon ramawa nan take, a gaban jama'a, ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Shi ake kira abokin wasa. Idan ka duba wasan da kuke kewa, za ka ga abin da ya sa tsofaffi suke zama su kalle shi tare da jikoki ke nan: kowa yana shan zolaya, kowa kuma yana ramawa.

A cikin gida akwai kaka da jika. Kaka mace tana kiran jikanta namiji mijinta, ta ce ya kasa kawo cefane, jikarta kuwa kishiya ce. Kaka namiji yana yi wa jikansa gorin zai ƙwace masa mata. Sai matar wa da ƙanin miji. Sai taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, kamar kai da 'ya'yana. Wasansu ya fi zafi, ana gardamar wa ne ubangida wa ne bara, kuma a watan Muharram, lokacin cika-ciki, ake bin kuɗin shara. Fage guda na kaka da jika a kan ƙwaryar fura zai ishe ku minti biyar ana dariya, ba wanda zai ji haushi.

Waɗanda ba a taɓawa kuwa su ne suruki da suruka, da yayan miji, da uwa da uba. Ɗan fari ma iyayensa kunyarsa suke ji, ko sunansa ba su faɗa. To, kada ka ɗauka wannan ya rage muku abin wasa. Kunyar ita kanta abin dariya ce idan an iya ta. Sa saurayi ya ɗauko lomar tuwo, sai ga sallamar surukinsa a zaure. Ya rasa inda zai kai lomar, ya tura ta aljihu, ya durƙusa yana gaisuwa miyar kuka tana bin rigarsa, surukin kuma ya ƙi gajarta gaisuwar, yana tambayar gida da gona da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Ba a zagi kowa ba, amma kowane magidanci ya san wannan halin. Idan kuka sa saurayin ya mayar wa surukin baƙar magana, dariyar ta mutu, manya su tashi su bar wurin.

Inda na fi so ku yi hattara shi ne wasan ƙabila. Kanawa da Zazzagawa abokan wasa ne, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Wannan na ƙarshe kuna ganinsa kullum a kasuwannin Garwa da Marwa da Kusiri, a arewacin Kamaru. Amma nasu ne. Babarbare zai tsokani Bafulatani a kan nagge, a ƙare da musabaha. Bahaushe ya ɗauki sanda da malafa yana karya harshe yana kwaikwayon Bafulatani, wannan raini za a kira shi, musamman a ƙasar da Fulatanci ne harshen kasuwa, lamido kuma shi ne uban ƙasa. In kuna son fagen, ku nemo Bafulatani da Babarbare na gaske, kowa ya tsaya a matsayinsa. Maƙwabtanmu irin su Tupuri da Mundang da Giziga da Masa, kada ku yi wasa da addininsu ko abincinsu ko yadda suke Hausa. Bidiyon waya ba ya tsayawa a unguwa, kafin gari ya waye ya kai Injamena.

Masu mulki da malamai fa? Al'ada ta bar ƙofa, amma 'yar ƙarama. Wawan sarki yana faɗin abin da waziri ba zai iya ba, saboda sarki ne ya ajiye shi. 'Yan kama suna kwaikwayon salon wa'azi, amma a kan tuwo da nama suke yi, ba su taɓa aya ko hadisi. Tashe kuma, wanda yara suke farawa bayan azumi ya kwana goma, yana zolayar gwauro da rowar maigida da bokan ƙarya. Hali ake zolaya a duk waɗannan, ba a nuna wani mutum da kowa zai gane. Kuna iya yin jauro, wato mai gari, mai son goron gaisuwa, amma garin ya zama na ƙirƙira, kada rawaninsa ko tafiyarsa su yi kama da na wani mai rai. Makaho da gurgu da mai taɓin hankali ku bar su gaba ɗaya.

Kada kuma ku mai da baƙauye wawa. Yaran birni sun cika yin wannan, alhali mutumin ƙauye shi ne mai kallonku na farko. Ku bar shi ya yi wa ɗan boko wayo ko da sau ɗaya a kowane kashi. Ku kuma san aikinsa. Masakwa, dawar rani, dasa ta ake yi a ƙasar karal, wato laka mai riƙe ruwa, bayan ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, a girbe ta da rani. Kuka nuna ana dasa ta a tsakiyar damina, manomi ya daina yarda da ku. Kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa ranar Lahadi take ci, kada wani ya ce zai kai akuya can ran Laraba.

Kayan wasa ba su da tsada. Gemun tsoho auduga ce a shafa mata toka kaɗan don ta rage haske, a manna da ƙaro da aka jiƙa tun dare. Gam na kanti yana iya ƙona fata. Tumbi tsumma ne a ɗaure da rawani a ƙarƙashin riga, in ba a ɗaure sosai ba zai zame a tsakiyar magana. Ku ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, kuma a lokacin hunturu ku nemi bayan katanga, don iska tana cinye murya. 'Yan wasa uku ko huɗu sun isa fage guda.

Kafin ku kafa waya a kowane ƙauye, ku fara kai gaisuwa wurin jauro ko lawan da ɗan goro, ku faɗa masa labarin tun daga farko har ƙarshe. Ba a shiga gida sai da izinin maigida, kuma ba a ɗaukar fuskar matan gida ko da wucewa suke yi. In kun gama kashi na farko, ku nuna wa dattawa biyu ko uku na unguwa kafin ku sake shi. Duk wurin da suka yi shiru suka sunkuyar da kai, ku yanke shi.

Ka gai da mahaifiyarka. Kawunka.